Zuwa da Kai Ya Fi Aike: Kwana Uku a Garin Nakanojo

A wannan fitowa za mu ɗauke ku zuwa ƙasar Japan, wani ɗan gari da ke cikin duwatsu mai suna Nakanojo. Ba shi da dogayen benaye irin na Tokiyo, kuma mutanensa duka-duka kimanin 15,000 ne. Abin da ya fitar da sunansa har likitocin duniya suka san shi, tsofaffinsa ne, da wata ƴar na'ura da suka yi shekara da shekaru suna maƙalawa a ƙugu tana ƙirga takunsu.

Wani aiki ne daban ya kai mu Tokiyo a ƙarshen watan Oktoba, amma mun bar gida da damuwa a zuci. Mahaifinmu, wanda ya haura shekara 70, yana fama da ciwon sukari da hawan jini. Duk zuwan da muka yi da shi asibiti a Maraɗi, bayan an rubuta magani sai likita ya ƙara da cewa: "Alhaji, a riƙa tattaki." Shi kuwa Baba amsarsa ɗaya ce: "Yo ni da ba gurgu ba, ai kullum cikin tafiya nake." Mu ma mun yarda da shi, domin mun taso mun gan shi mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya. Sai dai ƙafafunsa ƙara nauyi suke yi, har tashi daga tabarma ya fara zame masa aiki. Da muka ba wani abokin aikinmu ɗan Japan wannan labari, sai ya ce ai akwai garin da aka yi sama da shekara 20 ana neman amsar wannan tambaya: taku nawa tsoho yake yi a rana, kuma nawa ne ke isarsa? Aka ce gani ya kori ji. Da aikinmu ya ƙare muka nemi tafinta, muka kama hanya.

Garin da babu ɗan aike

Daga tashar Ueno ta Tokiyo jirgin ƙasa ya yi da mu arewa maso yamma, tafiyar awa biyu da ƴan mintoci. Da farko gidaje ne manne da juna har ido ya gaji, daga nan fadamun shinkafa da aka riga aka girbe, sannan duwatsu suka fara matsowa, jirgin ya bi gefen kogin Agatsuma. Lokacin kaka ne, ganyayen itatuwa sun rikiɗe, wasu ja wasu rawaya. A bakin gidaje itatuwan kaki sun yi ƴaƴa kamar tumatir, wasu an fere su an rataye a igiya suna bushewa don ajiyar lokacin sanyi.

Nakanojo tana cikin jihar Gunma, kuma abin da ya fara tarbarmu a cikinta shiru ne. Tun daga tasha har masauki ba mu ji kukan jariri ba, ba mu ga ayarin yara na bin baƙo da kallo ba. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. A Japan kuwa kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65, kuma a garuruwan karkara irin wannan abin ya fi haka, domin samari da ƴan mata sun tafi birni neman aiki. Har makarantu aka rufe a yankin saboda ƙarancin yara.

Kan hanya muka wuce wata tsohuwa, bayanta ya ranƙwafa, tana tura ɗan kekenta na cefane zuwa kanti. Gaba kaɗan ga wani dattijo a kan tsani yana tsinkar kaki. Muka ce wa tafinta, da a garinmu ne, da yau ƴaƴan wannan mutum sun sha magana a bakin maƙwabta. Ya ce: "Ƴaƴansa suna Tokiyo, sai ƙarshen shekara suke zuwa." Muka ji tausayi ya kama mu. Ba mu san cewa kafin mu bar garin za mu koma muna tambayar kanmu wane ne abin tausayi ba, wannan dattijo da ke kan tsani ko namu da ke kan tabarma.

Abin da ke ƙugun dattijo

Washegari bayan asuba muka fito shan iska, sanyi na ratsa riga. Da ƙarfe 6 da rabi muka ji kiɗa na tashi daga wata rediyo a wani ɗan fili, ga tsofaffi maza da mata sun jeru suna ɗaga hannuwa, suna duƙawa suna miƙewa. Wannan motsa jiki na rediyo tsohuwar al'ada ce a Japan, tun shekarar 1928 aka fara shi, kuma minti 10 ne kawai. Da aka gama kowa ya kama gabansa, wasu biyu-biyu suna hira, suka nufi bakin kogi.

Nan tafinta ya haɗa mu da wani dattijo manomin kayan lambu, wanda ya ce ya haura 80. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna mana wata ƴar aba a maƙale a ɗamararsa, girmanta bai fi kwalin ashana ba. Ya ce in ba wanka zai shiga ba, ba ya rabuwa da ita. Muka tambaye shi amfanin da ta yi masa, sai ya yi dariya ya ce: "Ƙaryata ni ta yi. Da ina cewa ni manomi ne, wa zai koya mini motsi? Ashe daga ƙofar gida nake shiga ƴar motata, a bakin gona nake sauka. In sanyi ya shigo kuwa, sai in wuni gindin abin ɗumama ɗaki. Da aka nuna mini lissafin watannin sanyi, kunya ta kama ni." Muka dubi juna, domin kamar da Baba yake magana.

Inda 10,000 ta samo asali

Duk wanda ya taɓa riƙe agogon zamani ko wayar salula mai ƙirga taku ya san lambar nan ta 10,000 da ake cewa ita ce ƙa'idar lafiya. To, a Japan aka haife ta, kuma ba a asibiti ba. Bayan wasannin Olimfik na Tokiyo na 1964, lokacin da hankalin jama'a ya karkata ga motsa jiki, wani kamfani mai suna Yamasa ya fitar da wani maƙirgin taku a 1965, ya raɗa masa suna manpo-kei, wato "maƙirgin taku dubu goma". Suna ne na kasuwa mai daɗin faɗi, ya bi duniya har mutane suka ɗauka hukuncin likitoci ne. Ga saurayi ba wani abu ba ne. Amma tsohon da gwiwa ke damunsa, in aka ce masa sai ya yi 10,000, abin da zai ce shi ne: "To, a bar shi kawai."

Wani masani haifaffen Nakanojo, Dokta Yukitoshi Aoyagi, na cibiyar binciken tsufa ta birnin Tokiyo, shi ne ya ce bari a auna a gani. A shekarar 2000 ya fara bincike a garinsu kan mutum kimanin 5,000 masu shekara 65 zuwa sama. Daga cikinsu kimanin 500 suka yarda su riƙa ɗaura na'urar dare da rana, rani da damina, shekara bayan shekara. Na'urar ba yawan taku kaɗai take riƙewa ba, har da ƙarfin motsin. Lokaci-lokaci sai su kai ta cibiyar lafiya ta gari a kwashe abin da ta tara, a gwama shi da abin da likitoci suka gani a jikinsu.

Abin da ya fito shi ne lafiya hawa-hawa take bin taku, kamar matakalar bene. Waɗanda ke yin taku 4,000 a rana, da minti 5 na tafiya mai sauri a ciki, ciwon damuwa ya yi ƙaranci a cikinsu. A wajen masu 5,000 da minti 7 da rabi, an ga ƙarancin gigin tsufa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Masu 7,000 da minti 15 sun fi tsira daga raunin ƙashi. Masu 8,000 da minti 20 kuwa, su ne hawan jini da ciwon sukari suka fi yi wa nisa. Shi ya sa a Japan ake taƙaita binciken da lambobi biyu: taku 8,000, minti 20. Tafiya mai sauri da ake nufi ba gudu ba ce. Ita ce wadda mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa amma numfashinsa ba zai bar shi ya rera waƙa ba.

Mai hankali zai ce: ai mai lafiya ne ke iya tafiya, ta yaya aka san tafiyar ce ta ba shi lafiyar? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu wanda ya ce waɗannan lambobi laya ce. Amma bincike a wasu ƙasashe ya zo kusa da wuri ɗaya. A 2019 Dokta I-Min Lee ta Jami'ar Harvard a Amurka ta fitar da sakamakon bin mata sama da 16,000 da shekarunsu ke kewayen 72. Masu taku kimanin 4,400 a rana, rasuwa ta yi ƙaranci a cikinsu in an gwada da masu 2,700, kuma amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Ajali na hannun Allah, babu mai ja da wannan. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za a kai gare shi, a tsaye ko a kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shawarwarinta na 2020 ta ce tsofaffi su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kuma ta ƙara da cewa kaɗan ya fi babu.

Uwar masauki da ruwan Shima

A rana ta biyu muka hau bas zuwa Shima, wani lungu na ƙasar Nakanojo da ya shahara da maɓuɓɓugan ruwan zafi, tafiyar kimanin minti 40 cikin kwazazzabo. Ruwan kogin wurin shuɗi ne kamar an zuba masa baba. Sunan Shima ana rubuta shi da alamomin da ke nufin 40,000, domin mutanen da sun ce ruwan na maganin cuta 40,000. Akwai wani masauki na katako mai suna Sekizenkan da aka gina tun 1691, yana nan tsaye a bakin wata jar gada. Wankansu na taro ne, ba irin wanda tarbiyyarmu ta yarda da shi ba, don haka muka tsaya a wurin tsoma ƙafa da ke bakin kogi, muka naɗe wando muka zauna.

Muna nan zaune tafinta ya ba mu labarin da Dokta Aoyagi ya sha bayarwa, na wata dattijuwa mai kula da irin waɗannan masaukai. Tun safe har dare tana kan ƙafa, na'urarta na nuna sama da taku 10,000 kullum, amma duk da haka ƙashinta ya yi rauni. Da aka duba sai aka ga dalili. Tufafinsu na gargajiya ba ya barin mace ta buɗe taku, ladabin aikin kuma ya hana ta yin ƙara a kan daɓen katako, don haka jan ƙafa take yi a hankali, kuma wuni take cikin gida, rana ba ta taɓa ta. Yawan yana nan, ƙarfin ne babu. Nan take muka tuna iyayenmu mata, waɗanda ke wuni suna kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafa, su kwanta a gajiye, alhali jikin bai samu irin motsin da yake bukata ba.

Wani abu da binciken ya gano shi ne yanayi na juya ƙafar tsoho. Mutanen Nakanojo sun fi tafiya in zafin rana na wajen digiri 17. In ya yi sanyi ƙwarai ko zafi ƙwarai, ko aka tashi da ruwa, sai takun ya faɗi. Su sanyi ne ke tsare su a ɗaki. Mu kuwa da ke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu da Mayu, lokacinmu sananne ne: bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar in ta yi sanyi.

Tsarabar da muka kawo

Kafin mu bar Japan muka sayi agogon hannu biyu masu ƙirga taku, abin da ake kira podomètre da Faransanci, ɗaya na Baba ɗaya na Inna. Inna ta juya nata ta ajiye, ta ce: "Ni ba akuya ba ce da za ku rataya mini ƙararrawa." Baba kuwa ya karɓa don kada ya ba mu kunya.

Mako na farko ya ba mu amsar da muka je nema har bangon duniya. Mutumin da ke cewa kullum cikin tafiya yake, babu ranar da ya kai taku 1,500. Da muka zauna muka bi wuninsa daki-daki, sai muka ga ba lalacinsa ba ne, aikinmu ne. Masallaci yana jikin katangar gida. Buta jika ke kawowa. Goro, a aiki yaro. Gaisuwar mutuwa ko suna, a kira kabu-kabu har ƙofar gida. In ya yunƙura zai ɗauko wani abu, mutum uku ne za su ce: "Zauna Baba, bari a kawo maka." Mutumin da a ƙuruciyarsa yake zuwa kasuwannin ƙauye a ƙafa, mu ne muka zaunar da shi, kuma da sunan biyayya muka yi. Tsohon Nakanojo rashin ɗan aike ne ya riƙe masa ƙafafunsa. Namu yawan ƴan aike ne ke neman karɓe masa nasa.

Ba mu ce a bar tsoho ya hau tsani ba, kuma ba mu yi sha'awar kaɗaicin da muka gani a can ba. Gidan da jikoki ke kewaye da kaka ni'ima ce da kuɗin Japan ba su saya musu ba. Abin da muka canza kaɗan ne. Jikan da ake aike, yanzu rakiya yake yi. Bayan asuba Baba na zagaya unguwa da wani amininsa, su kai bakin babbar hanya su dawo. La'asar kuma a wani masallaci da ke can gaba yake yin ta, ya ce dama malamai sun sha faɗin ladan takun da ake yi zuwa salla. Ba mu ɗora masa 8,000 ba. Ɗari biyar-biyar aka riƙa ƙarawa, domin taku 1,000 tafiyar kimanin minti 10 ce kawai. Bayan wata huɗu yana kai 5,000 a yawancin ranaku. Bai bar shan magani ba, likita ma bai ce ya bari ba, amma yana tashi daga tabarma ba tare da ya nemi hannun kowa ba, barcinsa kuma ya gyaru.

Na'urar ma tana da nata wauta. Wata rana muka ga 14,000, muka yi ta murna, ashe wani jika ne ya ɗaura ta ya tafi ƙwallo. Ta hannu takan ɗauki fifita da mafici a matsayin tafiya, kuma in mutum na jan ƙafa a hankali takan kasa ƙirga wasu takun. Wayar salula ma tana ƙirgawa kyauta, amma in an bar ta a kan katifa ba abin da za ta gani. Shaida ce kawai, ba magani ba ce. Inna da ta ƙi tata, da ta ga Baba ya fara fita, sai ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Yanzu da yamma takan taka da maƙwabciyarta zuwa gidan ƙanwarta, tafiyar da a da sai an nemo mota. Ba ta san adadin takunta ba, kuma ba ta bukatar sani.

Ga wanda zai gwada a gidansa, a fara da shawarar likita, musamman in akwai ciwon zuciya. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe mai taushi, a duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaramin rauni kan zame masa babba bai ji ba, kuma ya riƙe dabino ko ɗan sukari a aljihu saboda jiri. A sha ruwa, a guji tsakar rana. In ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe, a tsaya, a nemi asibiti. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar da za mu bar Nakanojo mun sake haɗuwa da dattijon nan manomi a hanyar tasha, yana tafe da sauri-sauri, hannuwa na lilo. Bai tsaya ba, ya dai ɗan ranƙwafa mana irin gaisuwarsu, ya nuna ƙugunsa, ya wuce. Tafinta ya ce cikin mintocinsa 20 yake, ba ya son a katse shi.

Ƴan uwa, yau in an idar da sallar magariba, kowa ya dubi tsohonsa ko tsohuwarsa ya lissafa a zuci: tun safe, sau nawa suka yunƙura muka ce su zauna? Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya jiƙansu da rahama.